Masu Raɗa wa Bakteriya Suna

Kowane jariri da ranar sunansa, ashe bakteriya ma haka. Zauren raɗin sunanta wata mujalla ce ta Birtaniya, IJSEM. Wanda ya gano sabuwar ƙwaya, sunan da ya ba ta ba ya tabbata sai ya fito a shafukan mujallar, kuma sai ya ajiye irin ƙwayar a ma'ajiyoyi biyu na ƙasashe daban-daban. A da sunaye sun yi ta cin karo, sai a 1980 aka tace su. Albarkacin wannan aiki likitan Kano da na Tokyo suke fahimtar juna. Ina jinjina wa masu bitar mujallar nan da ke kwana kan rubutun baƙo, suna gyara masa har nahawun Latin, galibi ba ko kwabo.