Zanen Gini da Ra'ayin Jama'a: Sharhi a kan Alƙaryar Fina-finai ta Kofa da Darasinta ga Garin Gaya

1.0 Gabatarwa

A watan Yuli na 2016 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, mai mazauni a Jos, ta ba da sanarwar cewa za ta gina alƙaryar shirya fina-finai a garin Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta Jihar Kano, wato yankin da madatsar ruwan Tiga da tafkin Bagauda suke. Kafin watan ya ƙare an soke shirin, tun ba a fara gini ba. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan fasalin ginin da kuma muhawarar da ta biyo baya. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, an kai wa jama'a zanen ne bayan an gama yanke shawara, don haka suka auna shi da tarihin gidajen sinima da suka riga suka sani. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan zai koya wa gari irin Gaya, wanda rayuwarsa ta rataya a kan gaɓar kogi.

2.0 Fasalin Ginin

Shugaban hukumar na lokacin, Danjuma Dadu, ya bayyana cewa aikin zai ci Naira biliyan 3 a kan fili mai faɗin hekta 20. A cikin abubuwan da aka lissafa akwai cibiyar koyon ɗaukar hoto, da zauren taro mai cin mutum 400, da ɗakin ɗaukar fim da sauti, da makwancin ɗalibai, da otal, da rukunin kantuna, da filin wasa, da ƙaramin asibiti.

Idan aka yi wa wannan jeri duban tsanaki za a ga rauni iri biyu. Na farko, kusan rabin gine-ginen na shaƙatawa ne da saukar baƙi, alhali abin da ke ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya a wannan lokaci shi ne satar fasaha, da mutuwar kasuwar faifai a Ƙofar Wambai da Bata, da ƙarancin na'urorin sauti masu inganci. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa a gidajen aro da lunguna da gonaki ya girma, ofisoshin masu shirya shi kuwa suna cikin birni, galibi a Titin Gidan Zu. Shirin ya ɗauki sana'ar ya kai ta bayan gari ba tare da ya warware waɗannan matsaloli ba.

Rauni na biyu ya shafi yadda Bahaushe yake karanta gini. A tsarin gidan gargajiya akwai zaure, da shigifa, da cikin gida, da turaka, kuma kowane mataki yana faɗa wa baƙo iyakar inda zai tsaya. Ke nan, tambayar farko da Bahaushe zai yi game da kowane gini ita ce, wa zai shiga, ta wace ƙofa, kuma wa ke zaune a zaure? Jerin da aka karanta wa jama'a ya faɗi yawan gine-gine da kuɗin da za su ci, amma ya bar wannan tambaya babu amsa.

3.0 Muhawarar

Malaman addini ne suka fara tada murya, daga kan mumbarin Juma'a har zuwa gidajen rediyo da shafukan Facebook. Daga cikin waɗanda aka fi jin amonsu akwai Sheikh Abdallah Usman Gadon Ƙaya. Hujjarsu ita ce wurin zai zama matattarar lalata tarbiyya. Magoya baya, ciki har da ɗan majalisar Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin, suka kafa hujja da samar wa matasa aikin yi. Daga bisani Abdulrahman Kawu Sumaila, mai taimaka wa Shugaba Muhammadu Buhari kan harkokin majalisa, ya sanar da cewa an janye shirin saboda ƙorafin jama'a.

Kuskure ne manazarci ya ɗauki wannan adawa a matsayin jahilci kawai, domin tana da saiwa a tarihi. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise (2008), ya nuna yadda aka fara gina sinimomin Kano a wajen ganuwa, kamar Rex a 1937, da irin tirjiyar da aka yi sa'ad da aka kafa Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, da kuma yadda mutane da dama suka fassara gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, a matsayin fushin Allah. A kan wannan aka ɗora dakatar da shirya fim a ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, da kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001. Mutumin da ya tashi da wannan tarihi, idan ya ji an haɗa fim da otal da makwancin samari da ƴan mata a bayan gari, ba ya bukatar a gaya masa abin da zai zata.

Duk da haka, masu adawar ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Sun yanke wa wurin hukunci gaba ɗaya, ba su ware ɗakin sauti da ajin koyarwa daga otal ba, ba su kuma nemi a gyara zanen ba. Bayan an soke shirin ba a daina yin fim ba. Abin da aka rasa shi ne makarantar da za ta iya kyautata shi. Daɗin daɗawa, muryar da ta fi ƙaranci a duk muhawarar ita ce ta manoma da matan Kofa, waɗanda su ne za su yi maƙwabtaka da katangar.

4.0 Misalin Ayorou

A tarihin sinimar Nijar akwai misalin wata hanya dabam, kuma a bakin kogin Kwara ta faru. A 1951 Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Bataille sur le grand fleuve a kan Sarkawa mafarautan dorina. A 1954 ya koma Ayorou ya nuna musu shi. Masuntan suka soki kiɗan da ya sa a lokacin farauta, suka ce kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, farautarta kuwa sai da shiru. Rouch ya karɓi gyaran ya cire kiɗan. Daga irin wannan zama ne shawarar fim ɗin Jaguar ta fito, wanda ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia. Abin lura a nan shi ne, an kawo aikin gaban masu shi a lokacin da gyara yake yiwuwa, shi ya sa suka ba da gyara maimakon su ƙi shi ɗungurungum. Gyaran gini ya fi na fim tsada, saboda haka ya fi fim bukatar a nuna shi tun yana kan takarda.

5.0 Darasi ga Gaya

Gaya tana tsakanin Kamba ta Nijeriya da Malanville ta Benin, kuma masu kallon fina-finan Kano suna da yawa a cikinta, Hausawa da Dandawa da Zabarmawa. Tana da abin da mai ɗaukar hoto yake so: kogi, da gadar da aka gina a 1958, da giginyun Dallol Mauri. Sai dai gaɓar da baƙo zai gani kamar fili ce maras mai ita, a wurin ɗan gari mashaya ce ta dabbobi, da wurin wanki, da fadamar shinkafa, da matsayar jiragen masunta. Sa'ad da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta wannan gaɓa ce kwale-kwale suka riƙa ƙetarar da mutane da kaya. Haka kuma kogin yana cika sau biyu a shekara, da ruwan damina da kuma ruwan da ke gangarowa daga Gine a lokacin sanyi. Duk wanda zai zana gini a nan, na fim ko na wani abu, ya wajaba ya san inda ruwa yake kaiwa da hanyoyin da katangarsa za ta datse, kuma Sarkin Ruwa da mata masu wanki sun fi taswira sanin wannan.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa shirin Kofa ya faɗi ne saboda an zana shi ba tare da masu sana'ar da maƙwabtan wurin ba, sa'annan aka bayyana shi ta yadda ya farfaɗo da tsohon tsoron gidan sinima. Shawararmu ga ɗaliban wannan sashe ita ce, kafin a kawo irin wannan zane a gaɓar Gaya, su riga shi zuwa: su tattara sunayen mashigai da mashayu da Hausa da Dandanci, su rubuta wanda yake amfani da kowanne da lokacin da yake amfani da shi, domin ranar da za a zauna shawara a sami abin da za a aza kusa da zanen injiniya.