Jinjina ga Kanikawan A-kori-kura

Haƙiƙa, duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar a-kori-kura, irin Peugeot 404, ta ɗauko buhunan gero tana shessheƙa a kan hawa har ta mutu, ya san darajar bakaniken da ba ya gaggawar yanke hukunci, sai ya cire tiyo daga kafireto, ya sa yaronsa ya murza makulli, ya duba ko famfon mai na tofowa da ƙarfi, sa'an nan ya bi sababin illar daki-daki, ko matata ce tsatsar tanki ta toshe, ko kuwa ruwa ya gauraya da fetur. Sau tari ƙwayar datti guda ce, ya hure ta, mota ta tashi. Wannan basira ta cancanci girmamawa. Jama'a, ku biya su haƙƙinsu cikakke.