Kan-magana mai kauri da ƙugiyar harafi: tsokaci daga Gabi

A ziyarar da muka kai cibiyoyin yaƙi da jahilci na Gabi, cikin gundumar Madarunfa, mun tarar da takardun bango waɗanda aka buga kawunansu da haruffa masu kauri, karkatattu, marasa ƙafa, irin waɗanda Faransawa ke kira «bâton», wato sanda. Daga nesa suna da kyau. Sai dai zaɓen bai dace da Hausa ba.

Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, rubutunmu ya dogara ga ƙugiyar da ke rarrabe ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Ita ke raba ƙasa da kasa, ɗaka da daka. To, in aka ƙara wa harafi kauri, sararin da ke cikin ƙugiyar yakan tsuke, tawada ta cike shi. In kuma aka karkata shi, kan ɗ yakan jingina da harafin da ke gabansa. A wata takarda kan kiyaye dajin Baban Rafi an rubuta «kada mu ɓata daji», wani dattijo ya karanta mana «kada mu ba ta daji», ya kuma tambaya wace ce za a hana wa. Laifin ba nasa ba ne.

Akwai wata illa da ta fi wannan. Helvetica da Univers, waɗanda suka fito a 1957, an zana su domin harsunan Turai, babu ƙugiya a cikinsu. Da can mai ɗab'i yakan ƙara ta da alƙalami. Yau kuwa na'ura ce ke aro harafin daga wani zubi dabam, sai ka ga ƙ siriri a tsakiyar kalma mai kauri, kamar baƙo a gidan biki. Ga kuma babban I da ƙaramin l, waɗanda a irin wannan zubi sanda guda ce: kalmar «Ilimi» kanta ta zama tarko ga mai koyo.

Mutumin Gabi yana da nauyi na daban. Yana bakin iyaka, littattafan Zariya da Katsina suna zuwa masa da 'y, namu kuma da ƴ. Wanda ke fama da siffa biyu ta sauti ɗaya bai kamata a ƙara masa ta uku ba.

Ba mu ƙi haruffa marasa ƙafa ba. Su ne suka fi kusa da abin da malami ke zanawa a allo. Andika, wanda SIL ta zana musamman domin masu koyon karatu, yana da dukan haruffanmu, kuma ya bambanta I da l. Karkatarwar ce muke ganin ba ta da hujja a kan-magana, tunda kauri kaɗai ya isa jawo ido. Kafin a ba da aikin ɗab'i, a buga layi guda mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, manya da ƙanana, a manna shi a bangon aji, a sa ɗaliban sahun baya su karanta.