KABOYIN AMURKA DA MAKIYAYIN BAYAN GIDANMU

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, zance ne a kan wasu littattafan Turanci da samarinmu suka daɗe suna rububinsu, wato littattafan kaboyi. Duk wanda ya yi sakandare ta kwana ya san su, ƴan ƙanana masu hoton mutum da malafa da bindiga a ƙugu. Mu mata muna ɓoye Mills and Boon a ƙarƙashin filo, su maza suna yawo da Louis L'Amour ko J. T. Edson a aljihun wando har bango ya yage. Ni dai duka biyun na karanta, don haka ina da bakin magana.

Wai shin mene ne daɗin da ke cikinsu? A ganina sarari ne. Yaron da ya tashi tsakanin zaure da gona da makarantar allo, kullum akwai mai aikensa, sai ga shi a takarda ya haɗu da wani da ba shi da uban da zai ce masa zauna. Doki gare shi, da bargo, da tukunyar gahawa, inda dare ya yi masa nan ne gida. Ai dole ya burge. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, irin ƙishin da Ganɗoki na Bello Kagara ya kashe wa iyayenmu ke nan tun 1934.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Lonesome Dove na Larry McMurtry, da ya fito a 1985. Wasu tsofaffin dakaru biyu ne, Gus da Call, suka kora garke tun daga kudancin Texas har Montana. Gus surutu, Call shiru kamar an ɗinke masa baki, amma amana ta haɗa su. Gus ya mutu a can sanadin kibiyar da aka harbe shi a ƙafa, Call ya ɗauko gawarsa ya maido ta Texas saboda alkawari. Allah sarki! Wannan wurin kam marubucin ya iya, don bai ɓoye ƙura da ƙishi da mutuwar banza a bakin kogi ba. Har Clara, mai kiwon dawaki a Nebraska, ya ba ta baki ta gaya wa Call gaskiya ido da ido, abin da sauran littattafan kaboyi ba su cika yi wa mace ba. A can mace ko dai a sace ta, ko ta tsaya bakin ƙofa tana ɗaga hannu.

To amma ku tsaya. Garken nan daga ina suka samo shi? Cikin dare suka ƙetare kogi zuwa Meziko suka koro dabbobin mutane. Da Hausa me ake kiran wannan? Satar shanu. A da na karanta wurin ina dariya. Yanzu da muka ga yadda satar shanu ta rikiɗe ta tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina, ba na jin akwai ɗan Rogo, da ke zaune a bakin iyaka, da zai karanta shafin nan ransa bai sosu ba. Sannan ƙasar da ake ta cewa fili ce ba kowa, ai da masu ita, jajayen mutanen da aka tarar aka kore.

Wani abin kuma, zamanin korar shanun nan gajere ne ƙwarai. A 1867 aka soma kai garke garin Abilene don a loda a jirgin ƙasa, kafin 1890 an gama. Jirgi ya matso kusa, manoma suka kewaye gonaki da waya mai ƙaya, hanya ta toshe. Shekara ashirin da ƴan kai ke nan, amma an fi shekara ɗari ana rubutu a kai.

Mu fa? Tun kafin jirgi ya iso Kano a 1911 Fulani ke bin burtali, fatake kuma suna kora shanu a ƙasa zuwa Kurmi, su Ibadan da Ikko. Har gobe in kaka ta yi za ka ga garke ya ratso ƙasar Karaye yana neman ruwa wajen madatsar Challawa, da jakuna ɗauke da ƙwarya da tabarmi, da yaro ɗan shekara goma riƙe da sanda yana juya bijimin da ya fi shi tsawo. Gwamna Abubakar Rimi ya soke jangali a 1979, amma gona ta ci gaba da cin burtali, kamar dai yadda waya ta cinye hanyar kaboyi. Saurayin da ke tafa wa Gus shi ne zai ga wannan yaron ya ce bagidaje.

Littafi ɗaya na sani da ya ɗauki makiyayinmu ya mai da shi jarumi, Burning Grass na Cyprian Ekwensi, 1962, labarin Mai Sunsaye da ciwon yawo ya kama ya bar iyalinsa. A ciki har akwai Ligu, mace mai garken kanta. Ekwensi Inyamuri ne haifaffen Minna, kuma da Turanci ya rubuta. Mu da muke shan nonon kullum, tun daga 1980 da wani abu muke cika kasuwar Kano da Alhaji mai marsandi da gidan sama a Nasarawa. In Bafulatana ta shigo labarinmu, to kyakkyawa ce da ɗan mai kuɗi zai gani a ruga, kafin shafi na talatin an kai ta birni an sa mata leshi. Shanun ubanta kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsu har littafi na uku.