Wayar Likita da Sirrin Majinyaci

Wani salo ya shigo wa masu aikin farfaɗo da majinyata a 'yan shekarun nan, kuma ni dai bai kwanta mini a rai ba. Ka buɗe TikTok ko Facebook, sai ka ci karo da bidiyon dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, baki a karkace, yawu na zuba, ana koya masa kai cokali baki. Can sai a nuno shi bayan wasu watanni yana ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. An ɗora sauti mai sosa rai, a ƙasa ga lambar wayar asibitin kuɗi. Jama'a su yi ta rubuta "Masha Allah" suna turawa gaba. A ganina wannan cin amana ne, ko da mai ɗaukar da kyakkyawar niyya ya yi.

Sai an san aikin kafin a gane nauyin abin. Akwai sashen da ma'aikatan asibiti ke kira OT, inda ake sake koya wa majinyaci ayyukan yau da kullum. Mutane kan haɗa shi da sashen gashi, amma kowa da inda ya fi ƙarfi. Mai gashi ya fi damuwa da ƙarfin gaɓa da motsinta. Jami'in OT kuwa tambayarsa ita ce: me wannan bawan Allah yake so ya koma yi da kansa? Sana'ar ta kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1917, ta duniya ta biyo baya a 1952. A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka ta 38 ta 1988, ita ke yi wa masu ita rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana.

Dubi abin da ke faruwa a ɗakin. Hajiyar da ta aurar da 'ya'ya tana koyon ɗaura zani da hannu ɗaya, tana danne bakinsa da gwiwar hannun da ya mutu. Ana gwada mata yadda za ta karkata buta ta yi tsarki da alwala ba tare da ta kira surukarta ba. Ana naɗa wa ƙotar cokali soso don ta yi kaurin da yatsu za su iya riƙewa, ana auna kujera mai rami da za a ɗora a kan masai tunda tsuguno ya gagara. Mai wannan aiki ya san wanda ke fitsarin kwance, ya san wanda ke fashewa da kuka in maɓalli ya ƙi shiga, ya san matar da mijinta ya daina leƙa ɗakinta. Kaɗan ne cikin ma'aikatan lafiya ke kutsawa cikin sirrin mutum har haka, kuma nasa aikin na sati da watanni ne. Duk wanda aka buɗe wa wannan ƙofa, suturta abin da ya gani shi ne farkon aikinsa.

Masu ɗauka kan ce, ai da izini muka yi. To, izinin wa? Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki magana ma ta kubce musu, sai babban ɗa mai biyan kuɗi ya amsa da yawunsu: "Likita, ai duk yadda ka yi daidai ne." Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ba a tambayarsa, kuma bidiyon zai jira shi har ya girma. Wanda ma bakinsa ke buɗe, yaya zai ce a'a ga mutumin da yake sa ran hannunsa zai dawo ta dalilinsa? Masu wannan ƙwarewa ba su da yawa a ƙasar nan, balle a Arewa, in ka ɓata da wannan wataƙila sai ka bar garinku kafin ka sami wani. Ga kunya, ga ganin girman likita. Amincewar da aka karɓa a irin wannan hali sunanta kawai amincewa.

Doka ma ba ta bar abin sakaka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin majinyaci, da ciwonsa da maganinsa da zamansa a asibiti, sirri ne, ba a fitar da shi sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu da makamantansu. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma ba mutum damar janye amincewarsa. Amma wa zai janye bidiyon da ya riga ya shiga zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa? Budurwar da aka nuna ana koya mata taje kai bayan haɗarin mota, ranar da aka zo neman aurenta wani zai tono shi. Wanda ya yi jinyar taɓin hankali aka nuno shi yana koyon saƙa, ya shiga bakin 'yan gori ke nan.

Akwai kuma batun gaskiya. Bidiyon minti ɗaya yana zaɓen wanda ya fi kowa samun sauƙi, ya ɓoye waɗanda hannunsu bai dawo ba, waɗanda nasararsu ita ce sun koyi rayuwa da ɗayan hannun. Sai iyalai su sayar da gona ko tumaki su zo da tsammanin abin da babu mai iya yi musu alkawarinsa.

Na yarda masu wannan salo suna da hujja guda mai ƙarfi. Har gobe akwai gidajen da ake ɗaukar shanyewar jiki a matsayin jifa ko aikin iska, a kwantar da mutum a ɗaki watannin farko su wuce, alhali a lokacin ne motsa jiki ya fi yin tasiri. Wayar da kai wajibi ne. Sai dai ana iya yin sa ba tare da fuskar kowa ba. Jami'i ya zauna da kansa ya nuna yadda ake sa riga da hannu ɗaya, ya nuna cokalin da kujerar, ya sa abokin aikinsa lafiyayye ya tsaya a matsayin majinyaci. In wani ya gama jinya, ya koma gida, babu mai bin sa komai, ya ga dama ya ba da labarinsa da bakinsa a shafinsa, wannan haƙƙinsa ne, kuma shaidarsa ta fi kowace talla ƙarfi.

Ina kira ga MRTB ta fito da ƙa'ida ƙarara kan ɗaukar majinyata da yaɗa su, ta kuma hukunta masu karya ta. Makarantun da ke yaye waɗannan jami'ai su sa batun cikin darasi tun daga ajin farko. Mu masu rakiya kuma, in aka zaro waya a kan Baba ko Inna, mu tambaya cikin ladabi ina za a kai hoton, in ba don fayil ɗin asibiti ba ne mu ce a yi haƙuri. Mai kallo shi ma yana da nasa kason: duk bidiyon da ba za ka so a ga mahaifinka a cikinsa ba, kada ka tura shi gaba.