Tsakanin Hoto da Hoto: Nazarin Sauyi a Wasan Fitilun Kirsimeti

A ƙarshen 2005 bidiyon wani gida a garin Mason na jihar Ohayo ta Amurka ya karaɗe intanet. Mai gidan, injiniyan lantarki Carson Williams, ya sa fitilun Kirsimeti suna kamawa suna mutuwa daidai da bugun kiɗa, 'yan kallo na zaune cikin motoci suna kama sautin a rediyon FM. Iyakar abin da fitilunsa suka iya ke nan: su kama, su dushe, su mutu.

Yau kowace ƙwayar fitila mai na'urar WS2811 tana da ja da kore da shuɗi, kowane launi da matakan haske 256. Da haka bangon gida da bishiyar ƙofa suka zama allon nuna hoto. Ana tsara wasan a kwamfuta da manhaja irin su xLights da Vixen, waɗanda kyauta ne, ko Light-O-Rama ta kuɗi. Tunda aka shiga nuna hotuna, sai wata tambaya ta taso: ta yaya hoto zai ba wani hoto wuri?

Manhajar tana zuwa da nata sauye-sauyen: dushewa, sharewa daga gefe, zagayen hannun agogo. Kowa da su yake aiki, kuma da yawa sayen shiryayyen wasa suke yi, har gida ya yi kama da gida. Mai son a gane hannunsa sai ya haɗa nasa. Yakan yi gajeren bidiyo na baƙi da fari, misali farin tauraro yana girma har ya cinye baƙin, ya ɗora shi a matsayin labule tsakanin hotuna biyu. Haske da duhun labulen su ke yanke inda tsohon hoto zai tsaya da inda sabo zai leƙo.

A nan ne aikin ya rabu da na mai tace fim. Allon talabijin mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan biyu. Bishiyar da aka yi da igiya 16, kowace da ƙwaya 50, ɗigo 800 kacal gare ta. Kamar mai ɗinkin hula ne: zanen da ya fi ramukan yadin ƙanƙanta ba zai fito ba. Hayaƙi da yayyafin da suka burge a kwamfuta sukan zama dagwalo a kan bishiya. Siffa mai kauri da baki tsaf ita ke tsira.

Sai matsin bidiyon. Tsarin H.264 da aka fi sani yana rage nauyi ta hanyar ajiye cikakken hoto jefi-jefi, sauran kuma bambanci kawai. Ido ba ya damuwa da wannan a waya. Amma yakan bar ƙura a gefen siffa, kuma bidiyo na yau da kullum yana rubuta baƙi a mataki na 16, ba sifili ba. Idan aka karanta shi ba daidai ba, ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta riƙa lumshi, kuma da dare lumshin a bayyane yake. Shi ya sa gwanaye ke fitar da bidiyon da manhajar FFmpeg a ƙaramin girma amma ba tare da matsi mai yawa ba, ko su koma ga tsarin ProRes 4444 mai iya ɗaukar wuraren da ake gani ta cikinsu.

Gudu ma da magana. Wasan yakan sabunta fitilu sau 20 ko 40 a sakan. Bidiyo mai hoto 30 a sakan, in ya shiga wasa mai 20, sai an yar da ɗaya cikin kowane uku, motsin ya riƙa ɗingishi, ya sauka bayan bugun ganga.

Aibin da na fi gani a al'adar shi ne zarin ado: sauyi a kowane layin waƙa, har mai kallo ya rasa abin da ake nuna masa. Sauyin kirki ba ya wuce sakan ɗaya ko biyu, kuma kiɗa ne ke kiransa. Hukuncinsa ba a kwamfuta yake ba. Sai mai gida ya tsallaka titi cikin sanyin Disamba, ya tsaya inda motoci ke tsayawa, ya duba ko baƙinsa ya mutu da gaske.