Tsuntsayen da aka sa wa magana a baki

A shekara ta 2005 ne Luc Jacquet ya fitar da fim ɗinsa, La Marche de l'empereur, wanda ya ci kyautar Oscar a 2006. An ɗauke shi ne a tarin tsibiran Pointe-Géologie, a gaɓar Antaktika, inda Faransa take da tashar bincike ta Dumont-d'Urville. Tauraronsa wani tsuntsun teku ne da ba ya tashi sama, wanda Faransawa suke kira manchot empereur. (Malaman Faransanci su kula: ba shi ne pingouin ba, wannan a tekunan Arewa yake zaune.)

Hotunan ba su da makusa. Mace ta yi ƙwai ɗaya tak, ta miƙa wa namiji, ta koma teku neman abinci. Shi kuwa ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da fatar cikinsa har kwana sittin da ɗoriya, a tsakiyar hunturu. Azuminsa gaba ɗaya yakan kai wata huɗu. Dubban maza sukan cure wuri guda, na gefe suna kutsawa ciki sannu a hankali. Wanda ya ga ƙwai ya suɓuce ya daskare nan take, ba ya bukatar a faɗa masa abin da aka rasa.

Amma Jacquet bai amince da hotunansa ba. Sai ya ɗauko muryoyin ƴan wasa uku, uwa da uba da ɗa, ya sa tsuntsaye suna ta furta kalaman soyayya da alkawari. Mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi ba mu ƙi dabba ta yi magana ba. Sai dai mai tatsuniya yakan buɗe da “ga ta nan ga ta nanku”, kowa ya san inda aka dosa. Wannan fim kuwa da sunan labarin gaskiya ya zo, alhali galibin tsuntsayen nan sukan sauya abokin zama idan shekara ta zagayo. Haka ma babban tsuntsun da yake farautar ƴan tsaki: an mayar da shi mugun labari, ga shi yunwa ce kawai ta kawo shi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun da fim ɗin ya yi. Tun 1952 masana suke lura da wannan garke, kuma a ƙarshen shekarun 1970 yawansa ya ragu da kusan rabi. Rayuwarsu ta rataya ga ƙanƙarar da take rufe teku. A 2022, a yankin Bellingshausen, ta farfashe da wuri, garke huɗu cikin biyar suka rasa ƴaƴansu. Ɗalibi zai kalli fim ɗin ya tashi yana zaton sanyi ne maƙiyin tsuntsun.

Ni dai a aji nakan kashe sauti a wurin miƙa ƙwai, in ce ɗalibai su rubuta abin da idonsu ya gani, da Hausa sannan da Faransanci.